Bangon da Na Sa Anka Rushe a Argungu

Ku da kuke shigowa shagonmu na Gesse kuna miƙo mini waya, kuna cewa, "Gwaggo duba, kafin shayi ya huce na gama zana gida," ku samu wuri ku zauna. Ban yi boko ba. Ko sunana anka rubuta ba na gane shi, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune bayan kujerar Saratu, ɗiyar ƙanena, tana zanen gidaje a kwamfuta, kuma babu takardar da ke fita shagon sai na dangwala mata babban yatsana. Magina daga nan har Argungu sun san haka. Takardar da babu yatsan Gwaggo, ba a haƙa harsashi da ita. Sau ɗaya na dangwala inda bai kamata ba, kuma shi ne abin da nake so ku ji. Sai dai ba za ku gane shi ba sai kun san inda na koyi kallon gida.

Aikina na fari daɓe ne. Ina budurwa anka kai ni wurin Inna Tumba, ita ce babbar matan da ke daɓe ɗakuna a unguwarmu ta tsohon gari. Ɗakin da na fara gani na wani mai saƙar komar kamun kifi ne. Mata takwas a durƙushe, kowace da madaɓinta, an zuba tsakuwa da jar ƙasa, ana yayyafa ruwan makuba ana duka ana waƙa. Da anka gama, ƙasa ta yi sumul har tana ƙyalli, kowa ya fara wanke hannu yana jiran tuwo. Inna Tumba ta miƙe. Ta ɗebo ruwa ludayi guda, ta zuba tsakiyar ɗaki, ta tsaya tana kallo. Ruwan ya yi jim, sai ya kama hanyar ƙuryar da za a sa gado. Ta ce, "Ku tone." Matan sunka yi ta gunaguni, amma sunka tone. Shekara biyu ban riƙe madaɓi ba, ruwa nake ɗauka ina kallo. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Hannunki bai san komi ba tukuna. Bar idonki shi fara koyo."

Da siminti ya yawaita, daɓe ya mutu a hannunmu, sai na koma jeren kayan amare. Nan na koyi girman kaya. Akwai gidan da munka je, sabo fil, fenti ko bushewa bai yi ba, doguwar kujera ta ƙi shiga falo. Ƙofa ta isa, amma lungun da ke gabanta ya matse, babu inda za a karkata ta. Munka wuni da kujera a tsakar gida, sai da anka kira mai walda ya cire ƙarfen taga anka zura ta ta nan. Tun daga ranar nake yawo da igiya mai ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli ƙafa guda. Tana nan cikin jakata, ita ce ta uku.

Lokacin da Saratu ta gama makarantar zanen gini ta buɗe shago, ni zuwa na yi in ga inda take wuni, don tun da babanta ya rasu ni ce a kanta. Ta zaunar da ni ta nuna mini gidan da ta zana wa wani ma'aikaci. Ga ciyawa shar, ga mota, ga fitilu. Tana ta murna.

"Gwaggo, har ciki ana iya shiga a zagaya."

"To shiga. A'a, tsaya nan bakin ƙofa, kamar ke ce mai garuwa. Mi kike gani?"

Ta duba. Daga bakin ƙofa ana hango tsakar gida har bakin madafa.

Na ce, "Matar gida ta fito da ɗaurin ƙirji tana kwashe tuwo, duk mai wucewa sai ya yi mata sannu da aiki ke nan? Ina za a kafa turmi? Ina za a yi shanya?"

"Gwaggo, manhajar ba ta da turmi."

"To ba gidanmu ta sani ba. Koya mata."

Ta matsar da bango guda, ta karya hanyar zaure, ido ya daina wucewa. Matar ma'aikacin ta turo mana ƙawayenta biyu. Sati bai zagayo ba Saratu ta sayo mini kujera. Ban taɓa taɓa linzamin kwamfutar nan ba har yau, kuma ba ni da niyya. Ita ce hannu, ni ina baya.

Koya wa manhajar gidanmu ya ɗauke mu watanni. Kayan da ke cikinta na wasu mutane ne, gadonsu ɗan siriri, tukunyarsu kamar ta wasan yara. Munka bi gida-gida da igiyata muna aunawa: gadon amarya, sif, firiza, randa, duro, turmi, buhun shinkafa a kwance da a tsaye, tabarma da mutum a kai. Saratu ta zana kowane ta adana. In kun samu manhaja, kafin ku zana ɗaki ku fara auna abin da zai kwana cikinsa.

Gidan wani malamin makaranta a Gwadangaji ya koya mana awo. Magini ya aiko da awo a ƙafa, kwamfuta kuwa tana kan mita, Saratu ba ta duba ba ta zuba lambobi. Zane ya fito tsaf, babu abin da ya karkace. Ni ce na ce ta saka gado a ɗakin farko. Gadon ya koma kamar kwalin ashana a tsakiyar filin idi. Na ce, "Ɗaki ne wanga ko garejin tirela?" Shi ke nan munka gano. Har yau, da ta rufe bango huɗu na farko, sai ta jefa gado ciki kafin ta ci gaba. In gado ya ɓace ko ya ƙi shiga, awo ne ya samu matsala, kada ku je ko'ina, ku koma can ku gyara. Haka kaurin bango. Manhaja tana zuwa da nata bango, siriri kamar faifai. Namu bulo ne mai inci tara, a ɗora masa yaɓe ciki da waje. In ba ku gyara wannan tun farko ba, kowane ɗaki zai rasa taki guda, ranar jere sif ya tsaya a ƙofa ana kallon-kallo.

Wani manomin shinkafa ya taɓa kawo mana filinsa ta wajen Zauro. A kwamfuta ƙasa shimfiɗe take kamar tire, babu tudu babu kwari, domin haka take nuna kowane fili in ba a gaya mata ba. Na je da kaina. Ban tambayi wanda ya sayar da filin ba, shi zai ce ko raɓa ba ta kwana wurin. Na duba bangon maƙwabta na ga layin da ruwa ya bari, ya kai mini gwiwa. Na samu wata tsohuwa tana tsince shinkafa a ƙofar gidanta, ta nuna mini da sanda inda ruwa ke bi in ya taso. Munka ɗaga gidan jeri uku na bulo, munka mayar da rariya wancan ɓarin. Mutumin ya yi ta cewa mun cika tsanani. Damina ta zo ta wuce, ya aiko mini da albasa kwando guda.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke sa kuka. Wuta ta taɓa ɗaukewa Saratu na kan aikin wuni guda, batir ya riga ya mutu, komi ya tafi. Tun daga nan, duk ɗakin da ta gama sai na buga sandata ƙasa, ta san ma'anarsa, ta adana. In kwamfuta ta fara nauyi tana ja da baya, kada ku ce ta tsufa. Dubi abin da kunka lafta mata: itatuwa, motoci, furanni, labule. Ku kwashe su, ku gama bango da ƙofofi, ado ya zo daga baya. Kada ku yarda magini ya ɗora tef a kan takarda ya auna, injin bugawa yana tsuke zane don ya shiga takarda. Lambobi za ku rubuta masa manya-manya, a ƙafa, yadda ya saba. In kun sake zane kunka ba shi sabuwar takarda, ku karɓe tsohuwar ku yage a gabansa. Na ga gidan da anka gina gabansa da takarda guda, bayansa da wata. Dalilin yatsana ke nan: ni ban iya karanta wace ce ta ƙarshe ba, sai na sa mata alama da kowa zai gane.

Shekarar da ta fi mana muni ita ce wadda irin wannan manhaja ta shiga wayar kowa. Mutum na zaune a majalisa zai ja layi da yatsa, gobe ya kai wa magini. Shago ya yi tsit. Saratu ta fara cewa, "Gwaggo, jinkirinmu ne ke korar mutane. Ga tsofaffin zane cike da kwamfuta. Wanda ya ga gidan wani yana so, mu ba shi kawai." Ban so ba, amma ina ganin yadda take share shago ta zauna har la'asar babu wanda ya leƙo. Ga shi a lokacin gwiwata ta kumbura, ko Keke Napep da ƙyar nake hawa.

A haka Hajiya Kulu ta zo daga Argungu. Sana'arta gumi, tana turara shinkafa ta shanya ta kai inji, ta daɗe tana yi har ta samu fili. Mace ce mai saurin magana, kafin ka amsa gaisuwarta ta shiga zance na biyu. Gidan ba don kanta kaɗai take son shi ba. Mahaifinta, Malam Umaru, ya tsufa, idonsa ya tafi, yana zaune a tsohon gidan ƙasa kusa da fadama. Daminar da ta wuce bangon ɗakinsa ya tsage, da itace anka tokare shi. Shekara da shekaru tana roƙonsa ya tashi yana ƙi, sai wannan karon ya ce in an gama kafin ruwa zai koma. Ta ga gidan da munka zana wa wata ƙawarta a Gwadangaji, ya kwanta mata.

"Irinsa nake so sak, Gwaggo. Ko taga kada ku taɓa. Ɗaki guda na Baba da ban ɗakinsa a ciki, masai na zama, don gwiwarsa ba ta tsuguno. Ga sito na shinkafa. Shi ke nan."

Na ce sai na je na ga filin.

"Da wagga ƙafa? Haba Gwaggo. Maginina Dantani zai auna ya aiko, ba yau ya fara ba. Ruwa ba zai jira gwiwarki ba."

Na yi shiru. Wannan shirun shi ne kuskurena.

Dantani ya aiko da awo ta waya, kuma awonsa daidai ne, ban taɓa cewa ba daidai ba ne. Bambanci guda ne tsakanin filayen biyu. Gidan Gwadangaji ƙofarsa kudu take kallo, filin Argungu kuwa hanya ta yamma take. Saratu ta zagaye gidan duka da linzami, ta juya shi har zaure ya dubi hanya, ta buga a takarda. Na karɓa na duba yadda na saba. A kusurwar kowace takarda akwai 'yar kibiya da ke nuna arewa, ita kaɗai ce rubutun da na iya karantawa. Kun dai san ba a kafa masai ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Na ɗora yatsa kan kibiya, na bi ban ɗakuna uku ɗaya bayan ɗaya. Duk mai zama kansu arewa zai duba, haka takarda ta nuna. Na dangwala.

Bayan sati shida gwiwa ta sauka. Gajimare ya fara leƙowa ta gabas da maraice. Na shiga mota na tafi Argungu ban gaya wa kowa ba. Na tarar gini ya kai linta, Dantani na kan bango da cokalinsa.

"A'a! Gwaggo mai yatsa! An zo kama mu?"

"Na zo in ga ko siminti kake zubawa ko toka."

"Taɓa ki ji. In kin samu toka ki haɗa ni da ita ki yi miya."

Na zagaya da igiyata. Ɗakuna daidai, ƙofofi daidai, zaure ya kare ido. Mai aikin famfo ya jera bututu cikin rami bai rufe ba, ya ce gobe da safe zai binne a zuba kankare. Ana haka anka kira azahar. Hajiya Kulu ta iso da fura, ta ba ni buta na yi alwala. Na shiga ɗakin Malam don bangonsa ya yi inuwa, na shimfiɗa mayafina.

"Dantani, ina gabas?"

Ya nuna mini da cokali. Na daidaita. Zan ɗaga hannu ke nan idona ya faɗa ƙofar ban ɗaki da ke gefena. Bakin bututun masai yana jikin bangon yamma. Duk wanda ya zauna a kansa, inda nake kallo nan zai kalla.

Na yi sallar, Allah shi yafe mini, rabin hankalina na kan bututun nan. Da na sallame na leƙa sauran biyun. Duk haka suke. Sati shida maza goma na shiga suna fita, babu wanda ya lura, kowa takarda yake bi. In na ja bakina, gobe kankare zai rufe komi. Amma Malam Umaru ba takarda yake bi ba. Mutumin da ya shekara saba'in yana fuskantar gabas, ko an rufe shi cikin buhu ya san inda take. Ranar da ya fara shiga ban ɗakin nan, ranar zai ce a mayar da shi ɗakinsa mai tokari, kuma ruwa na tafe.

Na sa Hajiya ta kira mini Saratu.

"Ɗauko kwamfutarki ki taho Argungu."

"Gwaggo lafiya? Yanzu?"

"Ki rufe shagon, ba kowa ciki."

Ta iso bayan la'asar. Ta ɗora kwamfuta kan bulo ƙarƙashin dalbejiya, na gaya mata abin da na gani. Ta buɗe zanen da sauri.

"Gwaggo ba zai yiwu ba. Ga kibiya. Ƙofa kudu, masai arewa."

"Ɗaga kanki. Ina ƙofar gidan?"

Ta nuna.

"Ina rana?"

Rana na gangarawa daidai saman ƙofar.

Na ce, "Tun yaushe rana ta fara faɗuwa kudu?"

Ta kalli rana, ta kalli kwamfuta, ta dafe kai. Lokacin da ta zagaye gidan don ta juya shi, ta haɗa har da kibiyar. Gida ya juya, arewa ta bi shi ta juya. Manhaja ba ta yi ƙarya ba, abin da anka sa ta ta yi. Ita ba ta san akwai rana ba.

Saratu ta buɗe baki za ta yi wa Hajiya bayani, na ɗaga mata hannu.

"Hajiya Kulu, masan gidanki duka uku gabas suke kallo. Laifina ne. Yatsana ne a takarda, kuma ƙafata ba ta taka filinki ba."

Hajiya ta zauna kan bulo jagwab. Karon farko da na ga bakinta ya tsaya. Can ta ce, "Inna lillahi. Gwaggo, kin kashe ni. Baba ko ruwan gidan ba zai sha ba."

Dantani ya sauko yana kaɗa hannu. "Ni dai abin da takarda ta ce na gina."

"Ba wanda ya ce kai ne. Amma sati shida, ba ka salla a filin ga?"

"Ina yi mana. Masallaci nake zuwa, can ba a tambayata ina gabas."

Munka koma kan aiki. Ban ɗaki biyu suna da faɗi, Saratu ta juya masansu a zane sunka dubi arewa, mai famfo ya ce tun da bai binne ba, aikin rabin wuni ne. Saura na Malam. Shi dogo ne siriri, faɗinsa ƙulli uku da rabi a igiyata. Saratu ta kama hoton masan ta karkata shi, ta tura, ta tura, sai ta yi tsalle.

"Ya shiga! Gwaggo ya shiga, ba sai an fasa komi ba!"

Dantani ya ce alhamdu lillahi. Hajiya ta fara gyara mayafi. Na ce a miƙo mini bokiti. Na shiga ban ɗakin, na kife shi daidai inda hoton ya nuna, na zauna ina kallon arewa. Gwiwoyina biyu sunka daki bango.

"Hajiya, shigo ki kama ni ki tashe ni, kamar ni ce Malam."

Ta zuro kafaɗa guda, sauran jikinta ya tsaya waje.

"To ina buta za ta zauna? In ya zame, ta ina za ki shiga?" Na juya wajen Saratu. "Hotonki ba shi da gwiwa, ɗiyata. Ba shi da ɗiya mai tallabarsa."

Babu wata hanya sai bango ya matsa ƙafa biyu. Bayan bangon kuwa sito ne, inda Hajiya za ta tara shinkafarta, ɗakin da ta fi ɗoki a gidan duka. Saratu ta matsar da bangon a zane, ta jera buhunan nan da munka auna tun shekarun baya, layi guda ya rasa wurin zama. Dantani ya ce kwana huɗu za a rasa, ya nuna gabas da haɓa don mu ga gajimare. Hajiya ta shiga siton ta tsaya, ta buɗe hannuwa ta taɓa bango da bango. Ta daɗe a ciki. Da ta fito ta ce, "Buhu ba ya salla. Dantani, fasa."

Ya tsaya yana juya guduma, ba ya son taɓa aikinsa mai kyau. Na karɓa na kai wa bulon sama duka guda. Ko gezau bai yi ba, amma ya isa. Ya karɓe yana cewa, "Kawo nan Gwaggo, kada gwiwa ta warke kafaɗa ta tashi."

Kwana huɗu na yi a Argungu, kullum ina zaune kan bokitin nan har sabon bango ya tashi. Saratu ta kawo sabuwar takarda. Na karɓi tsohuwar hannun Dantani na yage ta a gabansa. Sabuwar kuwa ban dangwala ba sai da na tsaya tsakiyar fili da hantsi, na juya ta har kibiya ta daidaita da rana.

Da munka koma Gesse na sa Saratu ta yi abu guda. Ta buɗe farin shafi, ta ja jan layi mai kauri da ke nuna alƙibla, ta kulle shi tare da kibiyar arewa yadda ko an zagaye duniya da linzami ba za su motsa ba, ta adana. Kowane gida daga shafin nan yake farawa. A juya gida yadda ake so, jan layi na nan inda yake. Kuma ba a jan layin daga waya. Sai an je filin, an tsaya, an tambayi masallacin unguwa. Tsohon zane kuwa har yau muna ba mai so, amma sai ya bi ta ƙarƙashin igiyata kamar sabo. In gwiwata ta hana ni tafiya, takarda ta jira gwiwa.

Ranar da za a kawo Malam Umaru, Hajiya ta aiko in zo. An rufa kwano, an yi daɓen siminti, fenti ne kawai babu. Hadari ya haɗu ta gabas tun azahar, iska ta fara kaɗa dalbejiya. Babu wanda ya gaya masa abin da ya faru, Hajiya ta hana. Ya shigo riƙe da sanda, ɗayan hannun na bin bango. Da ya kai tsakiyar ɗakinsa ya tsaya, bai tambayi kowa ba, ya juya da kansa ya fuskanci gabas daidai. Sannan ya laluba ƙofar ban ɗaki ya shiga. Sanda ta taɓa masai, ya bi shi da ita daga baya zuwa gaba. Ya matsa yana ƙwanƙwasa ƙasa. A wuri guda ƙarar ta sake. Ya koma ya ƙwanƙwasa, ya bi layin tun daga wannan bango har wancan. Tsohon harsashi ne a ƙasa, ni ma da na yi daɓe na ji shi.

Ya ce, "Akwai bangon da ya kwana nan ya tashi."

Hajiya ta kalle ni. Na ce, "Ni na sa anka rushe shi, Malam. Na yi kuskure a alƙibla, anka gyara."

"Ke ce mai yatsan da ake faɗi?"

"Ni ce."

"Wa ya kama ki?"

"Ba kowa. Salla na tsaya yi."

Ya jingina da sandarsa. Ɗigon farko ya faɗo kan sabon kwano, na biyu ya biyo.

Ya ce, "Kulu, mi kike jira? Ku shigo mini da buzuna kafin shi jiƙe."